Cokalin Dona Ivonete

A sashenmu na masu ciwon daji akwai wani tsohon cokalin ƙarfe da ba ya rabuwa da aljihun Dona Ivonete. Ba a cin abinci da shi. Aikinsa guda ne: duk safiyar da aka ɗora marar lafiya a kan sikeli aka ga ya ƙara nauyi, ko da rabin kilo ne, sai ta zaro shi ta ƙwanƙwasa ƙarfen gado da ƙarfi, yadda har na ƙarshen baranda zai ji. Masu iya tafi su yi tafi, waɗanda ake wa ƙarin ruwa su buga ƙafa a katifa. Wanda bai taɓa jinyar mai wannan ciwo ba zai ce shirme ne. Mu da muke kallon mutane suna narkewa a gabanmu kamar sabulu a ruwa, mun san darajar rabin kilo.

Dona Ivonete ita ce babbar nas ɗinmu, kuma ita ta raine ni a aikin. Na zo hannunta ko jijiya ban iya nema ba, sai in yi ta huda mutum ina ba shi haƙuri. Ita ta kama yatsuna ta ɗora a hannun wani tsoho, ta ce, "Rufe idonki, Jucilene. Jijiya ba da ido ake ganin ta ba." Ranar da mijina ya kwashe komatsansa ya bar ni da yara biyu, a kicin ɗinta na yi kukana har na ƙoshi. Na faɗi wannan ne don a san ba ƙaramin abu ba ne a wurina in tsaya gabanta in ce mata ba daidai ta gani ba.

Da aka buɗe ɗakunan dashen ɓargo a hawa na sama, sai ofis ya ce duk nas ɗin sashenmu za ta riƙa zuwa ƙaro karatu kowace Asabar. Ɗakunan saman ba su da yawa, don haka in wanda aka yi wa dashe ya ɗan farfaɗo, sai a sauko mana da shi a ba wani gadon. Ni dai ban yi murna ba. Asabar ce ranar wankina da cefanena, ga shi daga unguwarmu zuwa asibiti bas biyu ne, kuma duk wanda ya san birninmu Recife ya san bas ɗin Asabar sai ya ga dama yake zuwa.

Mai koyar da mu Likita Taciana ce, wata 'yar siririya mai saurin magana, wadda a haife Dona Ivonete ta haife ta. A zaman farko ta dube mu ta ce, "Wanda aka yi wa dashe ba irin marasa lafiyar da kuka saba ba ne. Wasu abubuwan da kuka iya, sai kun ajiye su a bakin ƙofa." Ba da mugun nufi ta faɗa ba, ita dai ba ta iya tauna magana ba ne. Dona Ivonete ta ɗauki jakarta ta fice, kuma ba ta sake leƙa ajin ba. Da aka kira ta ofis, cewa ta yi shekara guda ta rage mata ta ajiye aiki, in sun matsu su kore ta tun yanzu.

Na ce mata, "Ai gemu ba ya hana ilimi, Dona Ivonete."

"To ni ba ni da gemu. Je ki karanto mana, Farfesa."

Tun daga ranar sunana ya koma Farfesa. Ni kuwa ba wani abin kirki nake tsinanawa a ajin ba. Ina can layin baya, rabi ina ji rabi ina gyangyaɗi, ina tunanin ko yara sun tuna sun jiƙa wake.

Ana cikin haka aka sauko mana da Erivaldo, wajen wata guda bayan an yi masa dashe. Ɗan acaɓa ne daga garin Caruaru, bai kai talatin ba, ƙanwarsa ce ta ba shi ɓargo. Muka sa shi a ɗakin ƙarshe shi kaɗai, wanda ba a shiga sai da takunkumi da wankin hannu. Ya zo mana daga shi sai ƙashi da rai, har sai da ya naɗa zare a zoben aurensa don kada ya suɓuce. Amma bakinsa bai rame ba. Duk nas da ta shiga Goggo ce, kuma sai ya yi mata alkawarin zai kai ta gida a babur kyauta. Matarsa tana can gida da tsohon ciki, don haka uwarsa Dona Lindalva ce ke jinyarsa. Mace ce mai shiru, kullum carbinta a hannu, kuma ta ɗaukar wa Uwargida Maryamu alkawari cewa ranar da ɗanta ya fara mayar da jiki za ta hau tudun Conceição, inda ake kai mata ziyarar ibada, ba takalmi.

Abin ya faru ne ranar jajiberin São João, bikin da ake yi da rawa da wasan wuta. Mun rataya tutocin takarda a baranda, rabin ma'aikata sun tafi garuruwansu cin masara da rawa, ruwan sama kuma tun asuba yake zuba kamar da bakin ƙwarya. Dona Ivonete ta tura sikeli ɗakin Erivaldo, ni ina bayanta da tiren magani. Ya hau yana dafe da kafaɗata. Ta sunkuya ta duba, ta ɗago tana murmushin da har ta bayan takunkumi ana gani.

"Yaron nan so yake ya karya mana sikeli. Kilo ɗaya da rabi tun jiya."

Ta zaro cokali, ta goge shi da auduga, ta buga ƙarfen gado. Daga baranda aka amsa da tafi. Kwana na uku ke nan a jere da ake buga masa, kuma kullum ƙarin ya fi na jiya. Dona Lindalva ta durƙusa a gefen kujera ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa. Tunda suka zo, ran nan na fara jin ta yi dariya.

Ni ma na yi tafi, kada in yi ƙarya. Amma ina fitowa daga ɗakin hankalina ya ƙi kwanciya.

Na shiga rabon magani na kasa nutsuwa. Na kai wa tsohuwar gado na biyu ruwa sau biyu, har ta tambaye ni ko lafiya. Na zauna zan yi rubutu, na tashi. Na haɗa kofi na bar shi ya huce. Na kasa zaune na kasa tsaye, kuma abin haushin ban san me ke damuna ba. Duk inda na juya sai idona ya koma ƙofar ɗakin ƙarshe.

Da na je kwashe kwanukan safe sai na tarar nasa ko taɓawa bai yi ba.

"Goggo Juci, kin ji labari? Na kusa fin ƙarfin babur ɗina."

"Na ji. Me ka ci jiya?"

"Kunu, cokali biyu. Abincin nan naku ko akuya aka ba sai ta yi shawara da 'yan uwanta."

"Shekaranjiya fa?"

"Haka dai. Ki bar ni da iskar Recife, ita ke ƙara min ƙiba."

Na fito da kwanon a hannu ina tambayar kaina: mutumin da ba ya ci, daga ina nauyi yake zuwar masa? Na tsaya a tagar baranda. Can ƙasa a farfajiya shara ta toshe kwata, ruwa ya rasa hanya ya taru har ya kai gindin benci, wani leburan asibiti yana ta zungura da sanda. A nan muryar Likita Taciana ta faɗo min, wata Asabar da na ɗan farka daga gyangyaɗi. Cewa ta yi maganin da ake ɗura wa mutum kafin dashe yana iya ƙona ƙananan hanyoyin jinin da ke cikin hanta, su toshe kamar kwatar unguwa ranar ruwan sama. Ruwa sai ya taru a jiki. Ta ce, "In kuka ga wanda aka yi wa dashe yana ƙara nauyi da sauri, ku kira ni ko wanka nake yi." Ta lissafa wasu alamun kuma, amma iya abin da na riƙe shi ne ciwon gefen dama da launin ido. Na tsine wa gyangyaɗina a zuci.

Na koma ɗakin. Dona Lindalva ta fita yin waya, tana gaya wa dangi albishir.

"Erivaldo, ina zaren zobenka?"

Ya ɗaga hannu yana alfahari. "Na cire tun shekaranjiya. Yau ma ƙin juyawa ya yi."

Naman yatsan ya kumbura ya rufe gefen zoben. Na danna ƙaurinsa da babban yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Na ɗaga robar fitsarinsa, ɗan kaɗan ne a ƙasa, launinsa kamar shayin da ya daɗe a wuta. Na ja labule na ce ya kalli sama. A hasken fitilar ɗaki ba a ganin komai, amma a hasken taga farin idonsa ya ɗan sirka da rawaya.

"Akwai inda ke maka ciwo?"

Ya dubi ƙofa. "Nan gefen, ƙarƙashin haƙarƙari. Kwanciya ce ta yi yawa. Don Allah kada ki gaya wa Mama, Goggo. Kin ga yadda take yau."

Na ce masa ina zuwa, na fita da sauri kafin ya karanci fuskata.

Na sami Dona Ivonete a ɗakin magani tana jera allurai.

"Dona Ivonete, ina da magana."

"Faɗi, Farfesa. Ba da kunne nake aiki ba."

"Nauyin Erivaldo bai kwanta min ba. Ba ya cin komai. Ƙafarsa ta kumbura, fitsarinsa ya ragu, gefensa yana ciwo. Ina jin ba ƙiba ba ce, ruwa ne."

Ba ta ɗago ba. "Ƙarin ruwa ake masa, dole ƙafa ta ɗan tasa. Wanda ya yi wata a kwance kuma, wane gefe ne ba zai masa ciwo ba?"

"A aji an ce hanta tana iya toshewa bayan dashe."

"A aji." Ta ajiye allurar a hankali. "Kin tabbata?"

"Ban tabbata ba."

"To. Ba ki tabbata ba. Ni kuwa tun ba a haifi malamarku ba nake auna mutane a kan sikelin nan. Na san jikin da ke tafiya, na san wanda ke dawowa. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gan shi ba."

"Ni ba rimi na hau ba, Dona Ivonete. Bas biyu nake hawa kowace Asabar."

Maganar tana fita na so in kamo ta. Ta dube ni, irin kallon da ba ta taɓa yi min ba. Ba fushi ba ne kawai, har da ciwo a ciki.

"Madalla. To je ki gaya wa uwarsa. Ta aika a sayo mata kyandir. Ki je ki ce mata ba ki tabbata ba, amma ta daina murna."

Na fito raina a dagule. Na buga wa likitan da ke kan aiki, wani yaro sabon zuwa, aka ce yana can sashen gaggawa, tun hantsi ake kawo yaran da wasan wuta ya ƙona wa hannu, sai ya samu sarari zai hawo. Ranar jajiberi kuwa ba a samun sarari. Na leƙa sama, nas biyu ne kacal da marasa lafiya huɗu, suka ce Likita Taciana ta kama hanyar garin Garanhuns wajen iyayenta, sai bayan biki.

Na tsaya a kan matakala da waya a hannu. In na kira ta, na tsallake Dona Ivonete ke nan na kai ƙara wurin yarinyar da ta ci mata fuska. In kuma ya zama ba komai, na dawo da likita daga hanya a banza, na ɓata wa uwa ranar farin cikinta, na kuma rasa matar da ta fi min kowa a asibitin nan. Na sa wayar a aljihu. Na sauko, na canza wa wani ƙarin ruwa, na sake hawa matakalar. Na ce bari in jira awon gobe, sai na tuna likitar ta ce wannan ciwo ba ya jiran kowa, kwana ɗaya ma yawa ne. Tsoro nake ji, tsoron in yi magana da tsoron in yi shiru. Da na rufe ido sai na ga yatsan nan da zobe ya nutse a ciki. Na danna lambar.

Ta ɗauka cikin hayaniyar kiɗa da surutun yara. Na faɗi sunana, na ce ni ce ta layin baya.

"Mai barci. Na gane ki. Me ya faru?"

Na zayyana mata. Kiɗan ya ɗauke. Ta shiga jero min tambayoyi, nawa ya ƙara, tun yaushe, yaya cikinsa. Sannan ta ce, "Je ki ɗakin yanzu, kada ki kashe wayar. Ina so a taɓa min ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama a gaya min ko hanta ta sauko."

Na shiga na kwantar da shi. Dona Lindalva ta dawo, tana tsaye tana kallona da mamaki. Na ɗora hannu a cikinsa, amma gaskiya ban taɓa iya jin hanta da kyau ba. Na danna nan na danna can, shi yana cije leɓe.

"Ban ji komai ba, Likita. Ban sani ba."

"Matsa."

Dona Ivonete ce a bayana. Ban ji shigowarta ba. Ta murza tafukanta don su yi ɗumi, ta ɗora su a cikinsa, ta rufe ido.

"Ja numfashi, ɗana. A hankali. Sake."

Ya ja, sai ya zabura ya riƙe hannunta. Ta daɗe ba ta buɗe idon ba. Na kara mata wayar a kusa da baki.

"Ta sauko," ta ce, muryarta ƙasa-ƙasa. "Ta sauko sosai, kuma da tauri. Akwai ruwa a cikin."

"Wa ke magana?"

"Ivonete."

"Dona Ivonete, in ke kika ji, ba na bukatar a sake taɓawa. Ku rage ƙarin ruwan nan yanzu, ku ɗebi jini, ku gaya wa sama su shirya gado. Ga ni nan na juyo."

Aka shiga kai da kawo. Ni na ɗebi jinin, na ruga da shi da kaina don babu ɗan aike. Da na dawo na tarar Dona Ivonete zaune a bakin gado tana cire masa zoben kafin ya datse yatsan. Da zaren nan nasa da ya ajiye a kan durowa ta yi aikin. Ta zura shi ƙarƙashin zoben, ta naɗe yatsan tsaf, ta shafa sabulu, ta yi ta warwarewa a hankali har ya fito. Ta miƙa wa uwar.

Dona Lindalva ta karɓa tana duban mu ɗaya bayan ɗaya. "Me ke faruwa ne? Ba ƙiba ya yi ba?"

Na buɗe baki zan yi bayani, Dona Ivonete ta riga ni.

"Ba ƙiba ba ce, Dona Lindalva. Ruwa ne ya taru masa. Hantarsa ce ba ta aiki daidai."

"Amma ku kuka buga cokali. Kwana uku kuna bugawa."

"Ni na buga. Ban sani ba."

Uwar ta dubi zoben da ke hannunta. Ta zura zoben a sarƙar wuyanta, ta juya mana baya ta kama hannun ɗanta. Da ta zage mu da ya fi min sauƙi.

Kafin la'asar Likita Taciana ta iso, rigar bikinta mai furanni a jiƙe, ta ɗora farar riga a kai. Aka yi hoton ciki, aka haura da shi sama. A lif ya yi ƙoƙarin yi min wasa, ya ce kada in ba kowa gadonsa, amma muryar ba ta fita sosai. Na tambayi likitar ko an kama abin da wuri. Ta ce, "Ban sani ba tukuna. Da an kai gobe, da na san amsar, kuma ba za ki so ta ba."

Kwanakin da suka biyo baya ba na son tuna su. Cikinsa ya ƙara tasowa, idonsa ya koma kamar ƙwaiduwa, akwai ranar da bai gane uwarsa ba. Duk hutun da na samu sai in haura in tsaya a bayan gilashi, in sauko ban san me na je yi ba. A gida na ƙona shinkafa har yarana suka karɓi girkin. Matarsa ta haihu namiji ana cikin haka, aka rasa wanda zai gaya masa.

Dona Ivonete kuwa ta daina kirana Farfesa, ta daina kirana komai. Gaisuwa ce kawai da maganar aiki. Cokalin ma ya yi shiru. Tsohuwar gado na biyu ta ƙara rabin kilo na gaskiya, don da idona na ga tana cin ƙwai biyu kullum, amma Dona Ivonete ta rubuta ta tura sikelinta gaba. Tsohuwar ta bi ta da kallo tana jira. Sashen ya yi tsit kamar gidan makoki. Na ji haushinta, na ce a raina ai ba tsohuwar ce ta yi laifi ba. Kewarta kuma ta fi haushin yawa. Wata rana na haura sama na hango ta tsaye a bayan gilashin, hannunta a aljihu. Na juya a hankali na sauko.

Sai da aka yi makonni kafin a sake sauko mana da shi. Rawayar idon ta fara washewa, yana gane mutane, har ya ga hoton ɗansa a waya ya ce yaron ya ɗebo hancin surukarsa, Allah ya ba shi haƙuri. Amma har yanzu da sauran ruwa a jikinsa, kuma Likita Taciana ta ce sikeli ne zai gaya mana ko hantar ta buɗe da gaske.

Washegari da safe muka tura sikelin, ni da Dona Ivonete. Likitar ta biyo mu ta tsaya a bakin ƙofa. Erivaldo ya hau yana dafe da ni. Dona Ivonete ta sunkuya ta duba.

"Ya ragu. Kusan kilo guda."

Dona Lindalva ta dafe ƙirji. An yi mata bayani ba sau ɗaya ba, amma shekara biyu tana kallon ɗanta yana zubewa a kan sikeli, kuma jikinta bai san wata ma'anar raguwa ba sai guda. Hawaye suka zubo mata. Ta dubi Dona Ivonete, ba likita ba, don har yanzu a wurinta take neman labari.

Dona Ivonete ta miƙe tsaye. Na ga hannunta ya shiga aljihu ya tsaya a can. Ta juya ta fuskanci Likita Taciana, ta dube ta ido cikin ido.

"Likita, ki gaya min. Wannan na murna ne ko kuwa?"

"Na murna ne, Dona Ivonete. Ruwan ne yake fita."

Ta zaro cokalin. Ta goge shi da auduga a nutse, ta buga ƙarfen gadon da ƙarfin da ban taɓa jin ta yi ba. Baranda ta ɗan yi shiru don an kwana biyu ba a ji shi ba, sannan tafi ya tashi, na tsohuwar gado na biyu ya fi na kowa. Dona Lindalva ta tsaya baki buɗe, tana duban cokalin tana duban ɗanta. Can ta kai hannu wuyanta ta ciro zoben, ta zura masa. Ya shige ba gardama, har yana lilo.

"Goggo, ina zarena?" in ji Erivaldo.

"Na yar. Ka ci abinci ka cika zoben da kanka," in ji Dona Ivonete.

Ni dai takunkumina ya jiƙe, na fita baranda don in canza. Ta fito bayana tana tura sikelin, ƙafarsa ɗaya tana ƙara kamar kullum. Ta wuce ni kaɗan, sannan ta tsaya ba tare da ta waiwayo ba.

"Farfesa."

"Na'am, Dona Ivonete."

"Ranar Asabar ki kama min kujera. Amma ba a layin masu barci ba."